Hoton tauraron ɗan'adam ya isa a zana hanyoyin ƙauye?

Abin da ake ja a kai: wai hoton sama kaɗai ya ishi gwamnatin jiha ta fitar da taswirar hanyoyin karkara, ba sai ta tura ma'aikata ba.

Mai taswira: Ina nan a kan bakana. Hoto mai kaifin rabin mita, wato kowane ɗigonsa rabin mita ne a ƙasa, yana nuna har turbar amalanke. Da irinsa aka gano ƙauyuka da rugage a Kano lokacin rigakafin shan-inna. Ga OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya zanawa, kyauta, me ya kawo ɓarnar mai da alawus?

Injiniya: Malam, zane ka samu, hanya fa? Hoton da ake ɗora muku galibi na rani ne, don gajimare na rufe na damina. Burjin da ka gani fes a Janairu, a Agusta rafi ya raba shi biyu. Ma'aunin Bankin Duniya kuwa, yawan mutanen da ke cikin kilomita 2 daga hanyar da ke biyuwa rani da damina yake ƙirgawa. Kwalbatin da yashi ya toshe ba ya fitowa a hoto.

Mai taswira: To a zagaya duk jihar ke nan?

Injiniya: A'a. Ku zana daga ofis, sannan ɗan babur ya bi da waya a ƙarshen damina. GPS na waya kan kauce kamar mita biyar, ba laifi. Duk kwalbati, gada da mashigin ruwa ya tsaya ya ɗauki hoto, ya cike fam a KoboToolbox, manhajar tattara bayanai ta waya: faɗin hanya, kwalta ce ko marmara ko rairayi, wata nawa take yankewa. Wannan na ƙarshen, dagaci ake tambaya.

Mai safiyo: Ku kula da ma'aunin da taswira ke tsayar da wuri da shi. Tsofaffin taswirorinmu na kan ma'aunin Minna, waya na kan WGS84, ma'aunin GPS na duniya. In aka haɗa ba a juya ba, hanya sai ta goce da gomman mitoci ta faɗa gonar wani. Ranar biyan diyya za a ji ihu.

Jami'ar tsare-tsare: Ni damuwata mai hanyar. Ta tarayya ce, ta jiha, ko ta ƙaramar hukuma? Sai an ba kowane yankin hanya lamba tasa, in ba haka ba hanya ɗaya ta shiga kasafi sau biyu, yau da sunan kasuwa, gobe da sunan ƙauye. Shirin RAAMP na gyaran hanyoyin karkara ma sai da jerin hanyoyi yake zaɓen wadda za a gyara.

Mai taswira: Hajiya, lambar na yarda. Amma kuɗin ɗan babur duk shekara, daga aljihun wa?

Jami'ar tsare-tsare: Daga kuɗin gyaran hanya. Kada a saki kason ƙaramar hukuma sai ta sabunta bayananta.

Injiniya: Wanda zai karɓi kuɗin shi zai rubuta lalacewar? Sai kowace hanya ta zama matacciya a takarda.