Lahadi Ranar Aiki Ce a Nan

Ƙanenku na Riyad:
Salama gare ku. Wata huɗu ke nan da zuwana Saudiyya, ban ji ƙararrawar sujada ba. Ga abin da ya fito mini yau a motar kamfani.

Lahadi ce yau, ga ni da hular kwano,
Jakar kayan aiki a cinya, fili muke zuwa.
Awa biyu muke gaba da gida Wusasa,
Sha ɗaya na nan, tara ta can, sujada ake somawa.
Hutun nan Juma'a ne da Asabar,
Ranar Ubangiji ita ce mako ke buɗewa.
Ba majami'a ko ɗaya a faɗin ƙasar nan,
Yaya, Baba, ku faɗa mini yadda kuke jurewa.

Yaya ta Jidda:
Ƙanena, ina aikin dare na gani. Bari in amsa kafin a kira ni.

Share hawaye, ni ma na yi kukan nan,
Shekarar fari matashina ya sha jiƙewa.
Jiya wata tsohuwa ta ɓata shimfiɗarta,
'Ya'yanta suka kau da kai, ni na yi wankewa.
Ta riƙe hannuna tana sa albarka da Larabci,
Rabi ban ji ba, amin kawai nake amsawa.
Wanda ya ɗaura tawul ya wanke ƙafar almajirai,
A ɗakin nan na same shi, ban yi tsammani ba kuwa.
Bulus ya ce wa Kolosiyawa, duk abin da za ku yi,
Ku yi da zuciya ɗaya, Ubangiji kuke bauta wa.

Ƙanenku na Riyad:
Yaya, ke kin sami tsohuwa mai sa albarka,
Ni wayar lantarki gare ni da shugaba mai tsawa.
Zafi ya haura 45, gumi har cikin takalmi,
Albashi ya makara, Inna na ta bugowa.
Masu Zabura ta 137 ma sun rataye garayunsu,
Waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa, yaya ake rerawa?

Baba na Dammam:
'Ya'yana, na bar ku kun gama. Ni da na zo, hutun ma Alhamis da Juma'a ne, sai a 2013 aka sauya. Baitina ba ya hawa ma'auni, ku yi haƙuri da tsoho.

Ɗana, baƙo kake, amma ba kai ne na fari ba,
Bulus ya zo Arabiya, haka ya gaya wa Galatiyawa.
Arewa da ni, a Jubail, akwai kangon majami'a,
A 1986 aka gano shi, yashi ya daɗe da rufewa.
Masu bi na Najran, wajen shekara ta 523,
An ce su musa, suka ƙi, suka zaɓi ƙonewa.
Kai ko ba wanda ya haƙa maka rami,
Lahadi kawai aka karɓa, Almasihu bai ƙaura ba kuwa.
'Yata, kin yi daidai, amma da saura kaɗan,
Itace ɗaya a murhu ba ya daɗe yana kamawa.
Ƙanenki ya nemi biyu ko uku a ɗaki ranar Juma'a,
Murya ƙasa-ƙasa, maƙwabci ba a dama wa.
Daniyel sau uku yake durƙusawa a Babila,
Nan ladan sau biyar yake kira, ni ma ina tunawa.
In sun nufi masallaci sai in sunkuyar da kai,
In yi musu addu'a, in yi wa gida, in koma.

Wancan na ƙarshe ya ƙi amsa-amon, na bar shi haka. Ɗana, da rani doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku. Kada ka ba wa waya duka awa ukun.

Ƙanenku na Riyad:
Baba, na durƙusa, tsoho ya fi yaro baiti.

Ashe mai gadon sama, ɗan Filifin ɗin nan,
Ƙaramin littafi yake ciro wa in zai kwanta yana dubawa.
Na ce masa Juma'a, ya ɗaga yatsa biyu yana dariya,
Na uku muke nema, ɗan Indiya muke tuntuɓawa.
Bayan addu'a tuwo zan tuƙa musu, Yaya,
In da mai zuwa Riyad, a aiko da kuka da daddawa.

Yaya ta Jidda:
Kuka akwai. Daddawa ta ƙare tun Ista, tambayi Baba.