Haihuwa a Gudun Hijira: Kowa Ta Faɗi Yadda Tata Ta Kasance

Yayar mai ciki: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata cikinta wata bakwai, mako biyu ke nan da faɗa ya koro su daga gida, yanzu suna sansani. Cikin fari ne, ko katin awonta ba ta tsira da shi ba. Don Allah waɗanda suka haihu a irin wannan hali ku faɗa mana abin da kuka gani.

Uwar 'yan huɗu: Wa alaikumus salam. Ni auta ce na haifa a tanti. Faya ta fashe bayan isha'i, ga dokar hana fita, asibitin sansanin kuma da yamma suke rufewa. Mu uku ne: ni, surukata, da wata maƙwabciya mai riƙe tocila. Abin da ya taimaka shi ne 'yar jakar haihuwa ta UNFPA, hukumar kula da yawan jama'a ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da aka ba ni wajen awo: sabulu, ledar shimfiɗa, sabuwar reza, zaren ɗaure cibiya da safar hannu. Ranar da na karɓa har na raina ta. Yarinya ta faɗo lafiya, mabiyiya ta fito, sai jini ya ƙi tsayawa. Zani biyu na jiƙa. Na fara jin muryoyinsu kamar daga cikin rijiya. Maƙwabciyar nan ta tuna ƙwayoyi uku da aka ce in sha da zarar na haihu, ta ɗura min, ta yi ta murza min mara har ta yi tauri. Da asuba aka kai ni a baro, leda biyu na jini aka ƙara min.

Ungozoma: Sannu uwar 'yan huɗu, kin auna arziki. Ƙwayoyin nan misoprostol ne. A asibiti allurar oxytocin muka fi so, amma tana buƙatar firji, a sansani kuwa ina wuta? Sai dai a kiyaye: ba a shan su kafin jariri ya fito, kuma a tabbata babu na biyu a ciki, don suna iya fasa mahaifa.

Shekara uku na yi aiki a sansani, kuma dare ne ya fi cinye min mata. Cikin masu ciki 100, kusan 15 za su gamu da matsalar da sai asibiti, ba kuwa a gane su a fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kimanin 260,000 ne suka rasu a 2023 sanadin ciki da haihuwa, kusan kashi biyu cikin uku a ƙasashen da ke fama da rikici ko rashin tsayayyen mulki. Wanda ya taɓa tsayawa a shingen bincike da mai naƙuda ba zai yi mamaki ba. Yayar mai ciki, ki ce wa ƙanwarki ta je awo gobe ko babu kati, sabo za a buɗe mata.

Wani magidanci: Ku gafarce ni, na san zancen mata ne. Mai ɗakina ta yi kwana huɗu tana kukan ciwon kai, ƙafa da fuska sun kumbura, tana cewa ganinta na dishi-dishi. Muka ce firgici ne da doguwar tafiya. Ashe hawan jini ne. Jijjiga ta kama ta da tsakar dare, kafin a bar mu mu wuce rai ya yi halinsa. Yaron yana nan, shekararsa biyar.

Ungozoma: Allah Ya jiƙanta, Malam. Waɗannan alamun ba a kwana da su. Akwai allurar magnesium sulphate da ke tsayar da jijjiga, in an isa da wuri.

Mai sabuwar rayuwa: Ni kwana biyu na yi ina naƙuda a daji, muna gudu muna ɓuya. Kan yaron ya maƙale, bai zo da rai ba. Bayan 'yan kwanaki fitsari ya fara zubo min ba tsayawa. A tantin da mutum goma ke kwana, ku ƙiyasta. Tabarmata sai bakin ƙofa. Shekara ɗaya da rabi ina ɗauka ni kaɗai ce a duniya, sai da aka kai ni wajen aikin yoyon fitsari na tarar da ɗaki cike da irina. An ɗinke, na warke. Likita ya ce in na sake samun ciki, tiyata za a yi min.

Kakar bakwaini: Jikana bakwaini ya zo, ba kwalba ba komai. Aka ce uwar ta ɗaure shi a ƙirjinta fata da fata, dare da rana, in ta gaji ni in karɓa. Ta ce nononta ya ƙafe don tashin hankali, wasu suka kawo madarar gwangwani. Na hana, don na ga ruwan da muke sha. Ta yi ta ba shi yana tsotsa, kwana uku ruwan nono ya kawo.

Yayar mai ciki: Na gode, Allah Ya bar zumunci. Na karanta mata duka a waya. Ta ce ƙafarta ta ɗan kumbura tun shekaranjiya, amma kai ba ya ciwo. Gobe da sassafe mijin zai raka ta a auna jininta. Malama ungozoma, in asibitin sansani a rufe yake da dare, wa ake fara nema?