Sojan b2 a wasan ches na wasiƙa: wa ya taɓa cin sa?

Sabon Shiga: Jama'a, ina cikin wata gasa ta ICCF, hukumar ches na wasiƙa ta duniya, baƙaƙen 'ya'ya ne a hannuna. Mun shiga buɗin Najdorf, wani sanannen salon fara wasa, abokin karawata ya yi 6.Bg5 da 7.f4, na kai sarauniya b6, sai ya yi 8.Qd2 ya bar min sojan b2 a fili, wanda ake ce wa mai guba don sarauniyar da ta ci shi kan shiga haɗari. Kwana 50 ake ba mu a kan taku goma, ni kuwa na ɓata tara ina kallon sojan nan. Wanda ya taɓa ci ya faɗa min yadda ta kaya.

Mai Doki: Na ci sau biyu, duka canjaras muka tashi. Ka ci abinka, ɗan'uwa, gubar ta daina kisa. ICCF ta yarda a yi amfani da kwamfuta, abin da injinka ya gani shi nasa ya gani. A wasana na biyu mun haura taku ashirin babu wanda ya sa tunaninsa, tsofaffin wasanni kawai muke bi. Wata bakwai a haka! Abin ya gundure ni, gaskiya.

Tsohon Hannu: Ku yaran yanzu kun huta. Mu da katin gidan waya muka yi, kuma da lambobi ake rubuta taku saboda bambancin harshe, e2 zuwa e4 shi ne 5254. Na ci sojan lafiya lau da sarauniya, abokin karawata ya kawo ruk (mai siffar hasumiya) b1 ya kore ni. Niyyata in koma a3, wato 2213. Sai hannu ya rubuta 2212. Gidan a2 ke nan, ga dokinsa a c3 yana jira. Taku ne halastacce, kati kuma ya riga ya tafi, ba a janyewa. Mako uku ina jiran amsar da na riga na sani.

Sabon Shiga: Kai, Baba, sannu! Ka ci gaba da wasan?

Tsohon Hannu: Da wace sarauniyar? Katin sallamawa na aika masa.

'Yar Allo: Ni fari nake riƙewa. Malam Mai Doki, kar ka sa shi ya saki jiki. Ba kowa ke yin 9.Rb1 (ruk zuwa b1) ba, ni 9.Nb3 (doki zuwa b3) nake yi, takun da Spassky ya kayar da Fischer da shi a wasa na 11 na gasar kambun duniya a Reykjavik, 1972. Sau ɗaya na yi nasara da shi, shi ma don mutumin yana amsawa cikin awa guda ne, bai bar injinsa ya nutsa ba.

Sabon Shiga: To, na ci. Na duba gidan sau uku kafin in tura.