Hafsan jirgin ƙasa a lokacin yaƙi, wai menene ainihin aikinsa?

Mai_Nazari: Salam jama'a. Dan Allah masu tarihi ku taimaka min, ina karanta labarin yaƙin basasar Amurka ne (1861 zuwa 1865) sai na ci karo da wani Herman Haupt da aka ba birgediya janar a 1862, alhali ba runduna yake jagoranta a fagen daga ba, aikinsa layin dogo ne kawai. Abin ya ɗaure min kai, me mutum zai yi da jirgin ƙasa har ya kai wannan matsayi?

Baban Hanif: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai wannan "kawai" ɗin da ka faɗa shi ne yaƙin. Soja sai ya ci, dokinsa ma sai ya ci, ga harsashi ga magani, kuma kullum ne ba sau ɗaya ba. Haupt injiniya ne, ya gama makarantar soja ta West Point a 1835 amma ya ajiye kaki ya koma gina layin dogo, da yaƙi ya yi zafi sojojin Arewa suka nemo shi. Abin da ya fara fito da sunansa gadar Potomac Creek ce a Virginia, ƴan Kudu sun lalata ta, shi kuma ya sake gina ta cikin kwana 9 da ɗanyen itace da sojojin da ba su san aikin kafinta ba, tsawonta wajen ƙafa 400, jirage suka ci gaba da wucewa a kai da lodi.

Amma ni a wurina ba gadar ce babban aikinsa ba, tsari ne. Lokacin kowane janar in ya ga jirgi sai ya tare shi ya ce nasa ne, wasu su mai da tarago sito su bar kaya a ciki kwana da kwanaki, to layi ɗaya ne fa, in jirgi ɗaya ya tsaya duk na bayansa sun tsaya. Sai Haupt ya kafe a kan cewa ba hafsan da zai sa baki a tafiyar jirgi, kuma tarago in ya iso a sauke shi nan take ya juya. Sun sha rigima da manya a kan wannan, har da Janar Sturgis da ya ƙwace jirage a watan Agustan 1862.

Hajiyayye: Malam Baban Hanif ka manta da Gettysburg, inda aka gwabza babban faɗa tsakanin ƴan Arewa da ƴan Kudu, wlh nan ne Haupt ya fi burge ni. A Yulin 1863 layin da ya samu daga wajen Baltimore zuwa Westminster, garin da ake sauke wa sojojin kaya, ɗan ƙarami ne, mil 29, ba wayar tangaraho, ba isasshen wurin da jirgi zai kauce wa wani. Sai ya riƙa tura jirage biyar-biyar a jere, su sauke su dawo tare sannan wasu su tashi, da haka yake kai kimanin ton 1,500 a rana, in za su dawo kuma su kwaso waɗanda aka ji wa rauni zuwa asibiti. Mutum nawa suka rayu saboda an fitar da su da wuri, wannan nake tunawa duk sanda na karanta.

Mai_Nazari: Allah ya saka da alheri, yanzu na fara ganewa. To shi ya riƙe aikin har ƙarshen yaƙin?

Baban Hanif: A'a, ya bar aiki a Satumban 1863. Daniel McCallum ne shugaban layukan dogon soja tun 1862 kuma shi ya ci gaba, a hannunsa aka ciyar da rundunar Janar Sherman na ɓangaren Arewa lokacin da ta nufi Atlanta a 1864, mutum dubu 100 da dabbobi dubu 35 a kan layi ɗaya tal mai mil 473 daga Louisville. Sherman da kansa ya lissafa cewa da keken alfadarai ne sai an nemi 36,800, kowanne da alfadari shida.