Abin da aka tattauna kan kula da tsofaffi a gidajensu

Jama'a zancen nan ya yi tsawo, bari in tattaro abin da aka faɗa saboda waɗanda ba su samu bi ba.

1. Kusan kowa ya yarda mai kulawa taimako ya zo yi, ba karɓe ragamar gida ba. In Baba na iya sa rigarsa, ko zai ɗau minti 10 yana laluben maɓalli a ƙyale shi, don ranar da aka fara yi masa komai ranar jiki zai fara saki.

2. Faɗuwa aka fi tsoro, musamman a banɗaki. A kafa ƙarfen dafawa a bango, a ɗauke kafet mai zamewa, fitila ta kwana a kunne.

3. Magani a zuba a akwatin nan mai gida 7, kowace rana da nata, mutum ɗaya ke cikawa kar a maimaita.

4. Wanda ba ya iya tashi a riƙa juya shi kamar duk awa 2 saboda gyambon kwanciya.

Inda aka rabu kuma, kyamara. Wasu sun ce a sa don a ga yadda ake mu'amala da shi, wasu suka ce ai tsoho ba yaro ba ne yana da sirrinsa, sai da yardarsa kuma ban da ɗakin kwana, ni dai nan na fi karkata gaskiya. Haka batun mai kwana a gida ko mai zuwa na 'yan awanni, shi ma ba a daidaita ba, sai dai da yawa sun ce a fara da awanni kaɗan har su saba.