Neman kalma: me za mu kira irin sana'ar Warwick Davis?

Assalamu alaikum malamai da duk masu kishin harshe. Ina rubuta taƙaitaccen tarihin ɗan fim ɗin Ingila Warwick Davis da Hausa, sai jimlar farko ta tsaya mini a wuya. Ina neman kalmar da za ta ɗauki abin da masu fim na Ingila da Amurka ke kira character actor. Ga abin da suke nufi: ɗan wasan da ba don kyan fuska ake ɗaukarsa ba, galibi kuma ba labarinsa ake bi ba, amma idan aka ba shi wani mutum mai hali na daban, marowaci ne ko mugu ko tsohon malami mai tsantseni, zai shige cikinsa har ka manta akwai mai wasa a wurin. Sau da yawa ka san fuskar, ba ka san sunan ba. A wajen Davis ko fuskar ma ba kullum ake ganinta ba.

Na riga na jefa tambayar, wasunku sun kawo kalmomi, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Bari in gabatar da shi tukuna, don mu auna kowace kalma a jikin aikinsa. An haife shi a Epsom ta ƙasar Ingila ranar 3 ga Fabrairu, 1970. Wada ne, tsawonsa ƙafa 3 da inci 6. Nasa ba irin wanda aka fi gani ba ne, mai gajarta hannuwa da ƙafafu ya bar gangar jiki. Wani nau'i ne da ba a cika samu ba, likitoci na taƙaita sunansa da SED, yana taɓa ƙashin baya da gaɓoɓi. Yana shekara 11 kakarsa ta ji sanarwa a rediyo ana neman mutanen da ba su wuce ƙafa 4 ba, za a sa su a fim ɗin Return of the Jedi na jerin Star Wars, wanda ya fito a 1983. Cikin taron 'yan cika fage aka ɗauke shi. Kenny Baker, wanda ke cikin gwangwanin mutum-mutumin nan R2-D2, shi aka shirya zai fito a matsayin Wicket, wata 'yar ƙaramar halittar daji mai gashi, sai rashin lafiya ta kama shi, aka miƙa wa yaron.

Ku duba abin da aka ba shi ya yi aiki da shi. Riga ce mai gashi tun daga kai har ƙafa, fuskar ba ta motsi, idanun ko ƙiftawa ba sa yi. Ba murmushi, ba haɗe gira. Sai ya tuna yadda karensa na gida ke karkata kai gefe idan ya ji baƙon sauti, ya ɗauko wannan. Duk wanda ya ga wurin da Wicket ya tsinci Gimbiya Leia a kwance a daji, yana zungurarta da mashi, yana ja da baya, yana karkata kai, ya ga tsoro da son sani a tare, alhali fuskar da yake kallo roba ce. Wannan gwanintar nake nema wa suna.

Malam, na ga ka ce "mataimakin jarumi". Allah ya ƙara basira, kalma ce da muke buƙata, amma matsayi take nunawa a cikin fim, ba irin aikin ba. A Willow na 1988, wanda Ron Howard ya ba da umarni a kan labarin George Lucas, Davis ne mai fim ɗin, sunan da aka raɗa wa fim ɗin ma nasa ne a ciki, Val Kilmer kuwa rakiya ya yi masa. A Leprechaun na 1993, inda Jennifer Aniston ta fito tun ba a san ta ba, shi ne mugun da aka gina komai a kansa, kuma ya maimaita shi har fim 6 zuwa 2003. Wa yake taimaka wa a nan?

Malama, gaskiyarki, a ajin adabi mutanen cikin labari "taurari" muke ce musu, akwai babban tauraro akwai ƙanana. To amma idan muka bi kalma da kalma muka ce "ɗan wasan tauraro", duk wanda ya ji zai ɗauka shahararre ake nufi, wanda ake liƙa hotonsa a bayan A Daidaita Sahu. Ya zama mun faɗi kishiyar abin da muke so.

Mai cewa "gishirin fim", na ji daɗinta ƙwarai, sai dai kirari ne. Ba za ka rubuta shi a gurbin sana'ar mutum ba.

"Ɗan barkwanci" kuwa ban yarda da ita ba sam, kuma ina roƙo a saurare ni a nan. Davis ya iya ban dariya, ya nuna haka a shirin BBC na Life's Too Short a 2011 tare da Ricky Gervais da Stephen Merchant, inda ya fito da sunansa na gaskiya a matsayin mutum mai ji da kai wanda al'amura suka rincaɓe masa. Amma me ya sa da zarar an ga gajeren mutum a allo sai tunaninmu ya tafi ga dariya, tun bai buɗe baki ba? Mu a Najeriya mun san wannan. Chinedu Ikedieze da Osita Iheme manyan mutane ne lokacin da suka yi Aki na Ukwa, amma shekara da shekaru ana sa musu gajeren wando ana ba su rawar yara masu ƙiriniya, har wasu masu kallo suka ɗauka yaran ne da gaske. Idan muka liƙa wa Davis barkwanci, mun taya a ci gaba da wannan.

Yaya, taka ce ta fi ba ni aiki: "ɗan rikiɗa". Gajera ce, tana da daɗi a baki, jam'inta ma ya zo da kansa. Kuma hujja na bayanka. A finafinan Harry Potter, daga 2001 zuwa 2011, Davis ne Farfesa Flitwick. A biyun farko tsoho ne tukuf mai farin gemu, daga baya aka mai da shi magidanci mai baƙin gashi da gashin baki, yana kaɗa sanda gaban 'yan amshi. A fim na ƙarshe kuma shi ne Flitwick, shi ne Griphook, dodon banki mai dogon hanci da haƙora masu tsini da idanu baƙaƙe wuluk, wanda ya yi ciniki da Harry a kan takobi sannan ya bar su cikin rumbun banki. Ɗaya mai taushin zuciya, ɗaya mai riƙo da lissafi, kuma mutane da yawa sun gama kallo ba su san mutum ɗaya ba ne. A The Hitchhiker's Guide to the Galaxy na 2005 ko muryarsa ba a ji ba. Alan Rickman ne ya yi maganar mutum-mutumin nan Marvin mai baƙin ciki, Davis na cikin rigar da ƙaton kai, da sunkuyar da kafaɗa da jan ƙafa kawai ya nuna ƙuncin. In wannan ba rikiɗa ba ce, to mece ce?

Duk da haka ba zan ɗauke ta ba, saboda abu biyu. Wa ke rikiɗa a bakin Bahaushe? Aljani, da maye, da mutumin da aka ce yana zama kura da dare. Ga kuma mutanen da babban kukansu a wannan sana'a shi ne ba a ba su rawar ɗan Adam: kullum dodo, kullum halittar tatsuniya, ba likita, ba lauya, ba uban yara. Peter Dinklage, wanda ya fito tare da Davis a Prince Caspian na 2008, ya daɗe yana ƙin irin waɗannan, kuma a farkon 2022 ya fito fili ya soki Disney kan sake yin labarin Snow White da wadanni bakwai. Daga baya aka zana su da kwamfuta, wasu 'yan wasa masu wannan lalura suka ce to ai an raba su da abincinsu ne. Su kansu ba su gama daidaitawa ba. A cikin irin wannan, ni ba zan so in ɗora wa wada kalmar da ke ƙamshin iskokai ba, ko da da kyakkyawar niyya.

Na biyu, ba duk masu wannan sana'a ke sauya kama ba. Ku tuna marigayi Usman Baba Pategi. Samanja, sojan nan na wasan kwaikwayo, yake jiya, Samanja yake yau, da kakinsa da tsawarsa da Hausarsa ta bariki. Bai rikiɗa ba, hali ɗaya ya kama ya ƙware a kai har ya shafe sunansa na yanka. Haka dattawan Kannywood da kullum ake ba su uba mai taurin kai ko surukar da ba a iya mata. Kalmarmu dole ta ɗauke su su ma.

Shi ya sa na tsaya a kan wadda ƙanwata ta kawo can ƙasa, wadda ba a kula da ita ba: "ɗan wasan hali". Ta bi sahun abin da muka saba, ɗan wasan kwaikwayo, ɗan wasan barkwanci. Mace 'yar wasan hali, jam'i 'yan wasan hali. Ba ta ce babba ba, ba ta ce ƙarami ba, ba ta taɓa surar jiki ba. Ta ɗauki mai hali goma irin Davis, ta ɗauki mai hali ɗaya irin Samanja. Na gwada ta a jimla: "Fim ɗin ba shi da wani labari, 'yan wasan halin ne suka riƙe shi." Ta zauna. Gargaɗi ɗaya kawai, don Allah kada a gutsure ta a ce "ɗan hali". Kowa ya san wanda ake cewa yana da ɗan hali, ba a barinsa shi kaɗai a shago.

Baba, ka tambaya ko ya dace in rubuta "wada" ma. Ina ganin ya dace. Kalmarmu ce ta asali, kuma kewaye-kewaye irin "mai ƙaramin jiki" na sa abin ya zama kamar abin kunya. Davis bai taɓa ɓoyewa ba. A 1995 ya kafa Willow Management tare da surukinsa Peter Burroughs don nema wa gajerun 'yan wasa aiki, a 2012 kuma shi da matarsa Samantha, wadda ta rasu a 2024, suka kafa ƙungiyar tallafa wa wadanni mai suna Little People UK. Abin da ba zan rubuta ba shi ne "wadan fim ɗin nan", kamar tsawonsa ne aikinsa. Mutumin da ya yi shekaru yana gabatar da shirin kacici-kacici na Tenable a gidan talabijin na ITV da fuskarsa da kwat ɗinsa, wanda BAFTA, cibiyar karrama 'yan fim ta Birtaniya, ta ba lambarta mafi girma a Fabrairun 2025, sana'arsa za a fara faɗa. Lalurar ta zo a jimla ta biyu, sau ɗaya, inda ake bayanin haihuwarsa.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku faɗa mini idan "ɗan wasan hali" na da wata ma'ana a wajenku da mu nan ba mu sani ba. In babu, da ita zan rubuta.