Kabad ɗin Faransa da na saya a Ikoyi: na asali ne?

Ɗangwanjo_Agege: Salamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na kwashi kayan wani Bature da zai bar Ikoyi. A ciki akwai kabad mai durowa uku, samansa dutsen mabul, jikinsa an yanka siraran katako launi-launi an jera sun ba da furanni, kai ka ce zane ne. Kukun gidan ya rantse wai tun zamanin sarakunan Faransa yake. To ga shi adon ya fara ɗagowa a gefe. Yarona ya ce mu liƙe da sufa gulu, mu bi da samfefa. Me kuka gani?

Kafinta_Idi-Araba: Alhaji, don Allah ka ɓoye samfefar nan! Katakon adon bai fi kaurin farce biyu ba, gogawa ɗaya ka cinye furen. Mutanen da, da gam ɗin fata da ƙashi suke aiki, shi kuwa laimar Legas na sassauta shi, hunturu ya zo katako ya tsuke. Amfanin gam ɗin nan, da ɗumi da ɗan danshi yake sake kamawa. Sufa gulu in ya shiga, shi ke nan. Kada ma ka ajiye kabad ɗin kusa da taga.

Malam_Obalende: Alhaji, ɗaga mabul ɗin ka duba saman katakon. Daga 1743 ƙungiyar kafintocin Faris ta wajabta wa kowane gwani buga hatimin sunansa, sau da yawa da haruffa JME, alamar ƙungiyar, kusa da shi, har aka rushe ƙungiyoyin a 1791. Haka gwanin kafinta Riesener, wanda ya ƙarasa teburin Sarki Louis na 15 a 1769 bayan rasuwar maigidansa Oeben, yake yi. Boulle kuwa, mai haɗa tagulla da ƙoƙon kunkurun teku, ya rasu tun 1732, don haka duk wanda ya nuna maka hatiminsa, ka riƙe kuɗinka. Hatimin ma ana ƙirƙirarsa.

Hajiya_MaiKujeru: Ni dai ba na son kashe maka gwiwa, amma irin waɗannan da yawa aikin Dumyaɗ ne ta Masar. Na sha sayar da su kayan ɗakin amare. Zaro durowa ka juya ta. In ka ga filawud ko ƙusar inji, magana ta ƙare.

Ɗangwanjo_Agege: Hajiya, na juya. Filawud ne fes, har da rubutun Larabci da fensir. Malam Kafinta, gobe bayan Azahar zan turo yaro da shi, ka gyara mini gefen.